Babi na Bakwai: 'Yan Rakiya da Shirwa a Tekun Atilantika

Da yammacin Lahadi, 11 ga Yulin 1943, wani ɗan ƙaramin ayarin jiragen ruwa na Birtaniya yana gangarowa kudu a Tekun Atilantika, kimanin kilomita 480 yamma da gaɓar Sifen da Fotugal. Sunan da sojojin ruwa suka laƙaba masa shi ne Faith. Manyan jirage biyu ne a tsakiyarsa, Duchess of York da California, waɗanda kafin yaƙi jiragen fasinja ne na alfarma, sai na ukunsu mai dakon kaya, Port Fairy. Jiragen yaƙi suna kewaye da su a matsayin 'yan rakiya: Douglas da Moyola na Birtaniya, da Iroquois na Kanada, Swale ta Birtaniya kuma tana kan hanyar riskarsu. Sai ga jiragen saman Jamus guda uku, irin waɗanda ake kira Kondo, sun taso daga kusa da birnin Bodo na Faransa, sun tsaya can ƙololuwa inda mutum a kan jirgin ruwa sai ya kanne ido zai hango su. Daga can suka saki bama-bamai. Cikin ɗan lokaci manyan jiragen biyu suka kama da wuta, mutum fiye da 100 suka mutu. Da dare ya yi, 'yan rakiyar da kansu suka harba wa jiragen da aka ba su amana tofido suka nutsar da su, don kada hasken gobarar ya kira jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus.

Mutumin Damri ko na Bakura yana iya cewa ina ruwan biri da gada, shi da babban ruwan da ya sani shi ne madatsar Bakalori. Amma jiragen nan biyu Afirka ta Yamma suka nufa, kuma aikin da ke jiransu shi ne kwasar sojojin runduna ta 81 zuwa Indiya, daga can a wuce da su dajin Bama. Rundunar nan an kafa ta ne a 1943 da samarin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, kuma a bataliyoyin Nijeriya Hausa ce harshen bariki, 'ya'yan lardunan Arewa suna da yawa a ciki, har da na Lardin Sakkwato wanda ƙasar Mafara da Maradun take ƙarƙashinsa a lokacin. Nutsewar jiragen ta jinkirta tafiyar wani sashe na rundunar har sai da aka samo wasu jiragen. Ba sojoji kaɗai ke bin wannan hanya ba. Gyaɗa da audugar da aka noma a ƙasar Zamfara, jakuna da raƙuma suka kai Gusau ko Ƙauran Namoda, inda dogo ya isa tun 1929, jirgin ƙasa ne ke sauke su Ikko, daga can jirgin ruwa ya kai su Firitawun a Saliyo, inda ake tara jirage a yi ayari zuwa Ingila. Kuzar Jos, wadda aka tilasta wa dubban talakawan Arewa haƙarta bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, ita ma ta nan take bi. Guminmu da jininmu sun ratsa ruwan nan, don haka muna da hakkin tambayar yadda aka tsare shi.

Hikimar ayari ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro ba sa fita ɗaya-ɗaya. Sai an taru, madugu ya tsara tafiya, jagaba ya shige gaba, masu makamai su kama gefe da baya. A shekarun baya-bayan nan ma a hanyar Gusau zuwa Ɗansadau motoci kan jira juna su tafi tare da rakiyar jami'an tsaro, kuma duk wanda ya taɓa zama cikin irin wannan layin ya san dalilin jiran. Turawan Birtaniya sun koyi wannan darasi da tsada a 1917, lokacin da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka kusa kashe su da yunwa, saboda haka da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939 ba su yi jinkirin komawa ga ayari ba. Abin da nake so in tabbatar a wannan babi shi ne cewa ɗan rakiyar da suka shirya an ƙera shi ne don maƙiyin da ke ƙarƙashin ruwa, idonsa da kunnensa duk suna ƙasa, kuma yawancin jiragen rakiyar da aka rasa ta sama an rasa su ne saboda an tura su inda babu jirgin saman da zai yi musu inuwa. Duba kaza mai 'ya'ya a tsakar gida. Muzuru ya tunkaro, za ta kumbura ta buɗe fukafukai ta yi kansa, sau da yawa ma ta kore shi. Amma in inuwar shirwa ta gifta, iyakacinta ta yi ƙara, 'yan tsaki su ruga ƙarƙashin rumbu, wanda ƙafarsa ta yi nauyi ya tafi. Ba zuciya kazar ta rasa ba. Maƙiyin ne ya zo ta inda ba a ba ta makami ba.

Maganar makami kuwa a nan ta ƙarfe ce, ana iya auna ta. Manyan bindigogin yawancin jiragen distiroya na Birtaniya a farkon yaƙin ba sa ɗaga baki sama da digiri 40. An yi su ne don harbin wani jirgin ruwa a nesa, ko jirgin saman da ke tahowa a kwance daga gefe. Shi kuwa jirgin Jamus mai suna Situka, salonsa shi ne ya zo daidai saman kai, ya kifa hanci ya sulmiyo kusan a tsaye, ya saki bam ɗinsa yana dab da jirgin ruwan sannan ya ɗago. A daidai lokacin da ake buƙatar babbar bindiga, bakinta ba ya kaiwa. Ƙananan jiragen rakiya da ake kira kobet, waɗanda aka kwaikwayi fasalinsu daga jiragen farautar kifin whale, babbar bindiga ɗaya tak gare su a gaba, sai bama-baman zurfi a baya da na'urar sauraren motsi a ƙarƙashin ruwa. Bayan ɓarnar da jiragen saman Jamus suka yi a gaɓar Nowe a 1940, an riƙa cire rabin bututun tofido daga jiragen distiroya ana dasa bindigar harbin sama ɗaya a wurin. Wannan ɗinkin gaggawa ne, kuma sakamakon ya nuna haka. A watan Yulin 1940 kaɗai, jiragen saman Jamus sun nutsar da Brazen da Codrington da Wren da Delight a ruwan da ke kewaye da kudu da gabashin Ingila, har hukumar sojan ruwa ta janye jiragenta na distiroya daga Doba.

Tsibirin Kirit, a watan Mayun 1941, shi ne inda abin ya fito fili ƙarara. Jamus ta mallaki sararin sama gaba ɗaya, jiragen saman Birtaniya sun riga sun janye zuwa Masar, amma aka umarci rundunar ruwa ta Admiral Cunningham ta hana Jamusawa tsallakowa ta ruwa, daga baya kuma ta kwashe sojojin da aka ci da yaƙi. Ta yi duka biyun gwargwadon iyawarta. Kuɗin da ta biya shi ne manyan jirage uku, Gloucester da Fiji da Calcutta, da distiroya shida, Juno da Greyhound da Kelly da Kashmir da Imperial da Hereward, ban da waɗanda suka koma Iskandariyya a ragargaje. A Gloucester kaɗai mutum fiye da 700 suka halaka. Fiji ta yi ta harbi yini guda har harsashin harbin samanta ya ƙare kafin a same ta. Kyaftin ɗin Kelly, wanda aka tsamo daga ruwa ranar 23 ga Mayu, shi ne Louis Mountbatten, mutumin da bayan shekara biyu ya zama babban kwamandan yankin da sojojinmu suka yi yaƙin Bama a ƙarƙashinsa. Babu mai hankalin da zai karanta labarin Kirit ya ce ma'aikatan jiragen nan sun gaza. Jirgin ruwa yana ɗauke da harsashin da cikinsa zai iya ɗauka ne kawai, jirgin sama kuwa in ya zubar da kayansa sai ya koma filinsa mai nisan rabin sa'a, a sake loda masa, ya dawo.

Wani zai ce, to in haka ne ai ayarin kansa ne matsalar. Ka tara jirage talatin wuri ɗaya, suna tafiya da saurin mafi rauninsu, hayaƙinsu yana tashi, ashe ka shimfiɗa wa matuƙin jirgin sama tabarma ke nan. Da an bar kowa ya kama gabansa, da sai an sha wahalar nemansu. Maganar tana da kamar gaskiya, kuma an gwada ta, ba da niyyar gwaji ba. A ranar 4 ga Yulin 1942, ayarin PQ 17 yana kan hanyar kai wa Rasha makamai ta tekun ƙanƙara na arewacin Nowe. Har zuwa yammacin ranar, duk da hare-haren sama, jirage uku ya rasa, sauran suna tafe a jere cikin kariyar 'yan rakiya. Sai babban hafsan sojan ruwa a Landan, Dudley Pound, saboda tsoron cewa katafaren jirgin yaƙin Jamus Tirpitz ya fito, ya ba da umarnin a janye manyan 'yan rakiya, ayarin ya watse. A kwanakin da suka biyo baya jiragen sama da na ƙarƙashin ruwa suka bi su ɗai-ɗai kamar mai tsintar gyaɗa a gonar da aka gama cira. Jirage 24 suka halaka, 11 kaɗai suka isa. Lissafin a bayyane yake: uku suna tare, 21 bayan sun rabu. Teku tana da faɗin da gano ayari guda bai fi gano jirgi guda sauƙi da yawa ba, amma matuƙin da ya sami jirgi shi kaɗai yana iya saukowa ƙasa-ƙasa ya auna a natse, wanda kuwa ya tunkari ayari dole ya ratsa wutar bindigogi da dama.

Hujja ta biyu ta fi wannan ƙarfi, ita ce a ƙara bindigogi. Nan dole in yarda da rabin maganar, domin bindiga ta yi aiki. A 1940 da farkon 1941 jiragen Kondo, waɗanda asalinsu jiragen fasinja ne aka mayar na yaƙi, sukan sauko kusan daidai tsayin tulun hayaƙin jirgin ruwa su saki bam a gefensa, kuma da wannan salon suka yi ɓarna mai yawa; su suka cinna wa Empress of Britain wuta a Oktoban 1940 kafin jirgin ƙarƙashin ruwa ya ƙarasa ta. Da aka raba wa jiragen kasuwa da na rakiya ƙananan bindigogi masu ruwan harsashi irin Oerlikon, sai saukowa ƙasa ya zama kasada, domin jikin Kondo ba shi da ƙwarin ɗaukar rauni. Hare-haren suka ragu har manyan Landan suka ɗauka an gama da shi. Abin da ya faru shi ne bindigar ta kore shi sama. Jamusawa suka sa masa sabuwar na'urar auna bam, ya koma yana jifa daga nisan da ƙananan bindigogin nan ba sa kaiwa, kuma abin da ya faɗa wa ayarin Faith ke nan. Makonni kaɗan bayan haka, ranar 27 ga Agustan 1943, a mashigin Biske, wani jirgin saman Jamus ya saki bam mai fukafukai wanda ake sarrafa shi da rediyo, yana nesa ya tuƙa shi har cikin jirgin rakiya Egret, ya tarwatse da mutum kusan 200. A Nuwamban shekarar irin wannan bam ya nutsar da Rohna a gaɓar Aljeriya, tana ɗauke da sojojin Amurka da za su Indiya, mutum fiye da 1,000 suka mutu. Duk tsawon da bakin bindiga ya ƙara, maharin yana da damar ja da baya ya sake dabara, saboda shi ke zaɓen lokaci da wuri da tsayi. Ga kuma matsalar harsashi da muka gani a Fiji: a Yunin 1942 ayarin da ya taso daga Iskandariyya zuwa Malta ya juya baya bai isa ba, bayan an rasa Airedale da Nestor ta sama, kuma ƙarancin harsashin harbin sama yana cikin manyan dalilan juyawar.

Abin da ya sauya lissafin shi ne ranar da ayari ya fara tafiya da nasa tsuntsun. Farkon yunƙurin yana da ban tausayi ƙwarai. Aka ɗora wa wasu jiragen ruwa dogon ƙarfe a goshi, aka ɗaure jirgin saman yaƙi Hurricane guda ɗaya a kai, in an hango Kondo sai a cilla shi sama da roka. Babu wurin sauka. In matuƙin ya gama, ko dai ya kai gaɓa in tana kusa, ko ya faɗa ruwa kusa da ayari ya jira a tsamo shi kafin sanyi ya kashe shi. Ranar 3 ga Agustan 1941 Robert Everett ya tashi daga jirgin Maplin ya kakkaɓo Kondon da ke bibiyar ayarin SL 81, wanda ya taso daga Firitawun, sannan ya faɗa teku aka cece shi. Ayarin Saliyo ne, wato irin wanda ke ɗauke da amfanin gonar Afirka ta Yamma. A shekarar kuma aka ɗauki wani jirgin kasuwa na Jamus da aka kama, aka aske samansa aka shimfiɗa masa fili, aka sa masa suna Audacity, ya zama jirgin dakon jiragen sama na rakiya na farko a rundunar. Jiragen yaƙin da yake ɗauka ba su kai goma ba. Amma a Disamban 1941, da ya raka ayarin HG 76 daga Jibralta tare da rukunin Kwamanda Walker, jiragensa sun kakkaɓo Kondo biyu, sun kori sauran, sun kuma riƙa nuna wa 'yan rakiya inda jiragen ƙarƙashin ruwa suke. Cikin jiragen kaya 32, biyu aka rasa. Darajar jirgin sama a nan ta wuce adadin abin da ya harbo: matuƙin da ake bi a baya ba ya samun natsuwar auna bam, kuma ɗan leƙen asirin da aka kora ba ya kiran 'yan uwansa.

Akwai amsar da masu kare hukumar sojan ruwa ke bayarwa, kuma ba ta wasa ba ce. Suna cewa jirgin dakon ma ai nutsewa yake yi: Audacity kanta tofido ya kashe ta ranar 21 ga Disamba a wannan tafiyar, Eagle kuma ta nutse cikin mintuna kaɗan ranar 11 ga Agustan 1942, a ayarin Pedestal da ke zuwa ceton Malta, wanda duk da jiragen dakon da suka raka shi, biyar kacal cikin jiragen kaya 14 suka isa. Suna kuma cewa babu wadatar da za a ba kowane ayari inuwa, musamman a makon da aka kai wa Faith hari, domin ranar 10 ga Yulin 1943 aka fara mamayar Sisili, hankali da kayan aiki duk sun karkata can. Na farkon bai rushe hujjata ba. Audacity da Eagle daga ƙarƙashin ruwa aka same su, kuma a Pedestal ɓarna mafi muni ta auka wa jiragen kaya ne bayan manyan jiragen dakon sun juya a mashigin da ke tsakanin Sisili da Tunisiya, aka bar ayarin ya ƙarasa da ƙaramar rakiya. Wata guda bayan haka, ayarin PQ 18 ya bi hanyar da PQ 17 ya halaka, wannan karon da jirgin dako Avenger a tsakiyarsa, bai watse ba. Ya rasa 13 cikin 40, asara mai ciwo, amma Jamus ta rasa jiragen sama da yawa har ba ta sake kai irin wannan hari da wannan ƙarfin a can ba. Na biyun kuwa na karɓe shi a 1941, lokacin da babu abin bayarwa. A Yulin 1943 ba na karɓarsa duka. In babu jirgin saman da za a ba Faith, akwai faɗin teku. Ana iya karkata shi yamma, nesa da inda Kondo ke iya kaiwa daga Bodo. Hakan aka yi wa hanyar ayarin Afirka bayan an yi asarar, abin da ke nuna cewa dabarar tana nan tun kafin ranar, an dai raina maƙiyin ne.

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne aikin 'yan rakiyar bayan sun kasa hana abin da ba su da ikon hanawa. Jirgin yaƙi in ya tsaya cik a teku don tsamo mutane, ya zama abin harbi mafi sauƙi ga duk wanda ke sama ko ƙasa, kuma kowane kyaftin ya san haka. Sun tsaya. Suka zura ragar igiya a gefen jirgi, ma'aikata suka sauka har ruwa yana dukan ƙirjinsu suna jawo mutanen da man jirgi ya lulluɓe, hannu yana zamewa, a kama kwala ko gashi a miƙa wa na sama. Iroquois kaɗai ta kwashi mutum fiye da 600, jirgin da aka gina don mutum ɗari biyu da 'yan kai, aka nufi Kasabalanka da su a cunkushe. Washegari jiragen Kondo suka dawo suka sami Port Fairy, wadda Swale ke rakawa, suka cinna mata wuta. Swale ta matso ta jingina da ita, ta miƙa mesar ruwa, aka kashe gobarar, jirgin ya kai tashar lafiya. A wannan hari na biyu jiragen saman Amurka irin Katalina sun iso, kuma su suka kori maharan.

Sojojin runduna ta 81 da ke jira a gaɓar Afirka ta Yamma sun hau wasu jiragen daga baya, suka zagaya ta kudancin Afirka zuwa Bambai. A farkon 1944 suna cikin kwarin Kaladan, inda babu hanyar mota, abincinsu da harsashinsu daga jirgin sama ake jefo musu da laima, wata birged ta 'yan Nijeriya kuma tana tare da dakarun Chindit a bayan layin Japan. Sunan nan na Chindit shi ne yake kan barikin sojoji na Zariya har yau.